Rashin Barci ga Mai Rage Tuwo: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A cikin 'yan shekarun nan mutane da yawa, musamman manya masu ƙiba da masu ciwon sukari, sun ɗauki wata hanya ta gyara jiki, watau rage cin tuwo da shinkafa da fura da sukari, su koma ga nama da ƙwai da ganye. Waɗansu likita ne ya umurce su, waɗansu kuwa daga bakin aboki suka ji. Da yawa daga cikinsu sukan yi kukan abu guda: tun ran da suka bar tuwon dare barci ya ƙaurace musu. Mutum ya kwanta ya yi ta juyi, ko kuwa ya farka tsakar dare ya kasa komawa, gari ya waye yana hamma a wurin aiki.

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu su san dalilin abin, su iya yi wa jama'a bayani. Galibin irin wannan rashin barci na ɗan lokaci ne, kuma gyaransa yana cikin gida. Amma akwai wani iri guda wanda yake alamar hatsari, yana iya kai mutum ga halaka cikin dare. Rarrabe tsakanin biyun nan shi ne babban abin da ake so a fahimta.

1. Irin abincin da ake nufi

Masana sun kasa abincin ɗan Adam kashi uku manya. Akwai mai gina jiki, kamar nama da kifi da ƙwai. Akwai mai maiƙo, kamar man shanu da man gyaɗa da manja. Sa'an nan akwai mai sitaci da sukari, wanda jiki yake juya shi ya zama sukarin jini, ya ƙona shi ya sami ƙarfi. A cikin kashi na ukun nan ne gero da dawa da masara da shinkafa suke, haka doya da rogo da dankali da burodi, da zuma da rake da lemon kwalba.

Abincin ƙasar Hausa kuwa bisa hatsi aka gina shi: koko ko kunu da safe, fura da rana, tuwo da dare. A cikin giram 100 na busasshen gero ko dawa, wajen giram 70 sitaci ne. Kofi guda na dafaffiyar shinkafa yana da kimanin giram 45. Likitoci sukan ce mutum ya rage sitaci idan abin da yake ci a yini bai kai giram 130 ba. Masu tsanantawa kuwa sukan tsaya tsakanin giram 20 da 50, watau abin da bai wuce kofin shinkafar nan guda ba, tun daga safe har dare. Ga wanda ya saba da malmala biyu ko uku, wannan babban sauyi ne, kuma jiki ba ya karɓarsa shiru.

Ya kamata a gyara wani kuskure a nan. Mutane da yawa suna zaton alkama da acca ba su da sitaci. Su ma hatsi ne, sitacinsu bai yi nisa da na gero ba. Wanda ya bar tuwon dawa ya koma ga tuwon alkama, malmala ɗaya da ɗaya, bai rage kome ba tukuna.

2. Asalin wannan hanya

Hanyar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1863 wani mutumin London mai suna William Banting, mai sana'ar shirya jana'iza, ya buga wata 'yar takarda yana ba da labarin yadda ya rage wajen kilo 20 cikin shekara guda, bayan likitansa ya hana shi burodi da sukari da dankali da giya. Kafin a gano maganin insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, hana sitaci da rage abinci su ne kusan dukan abin da likitoci suke iya yi wa mai ciwon sukari. A wannan shekara kuma Likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abinci mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci domin masu farfaɗiya, har yanzu kuwa ana amfani da shi ga waɗansu yara da magani ya kasa. A 1972 Likita Robert Atkins ya fitar da littafinsa a Amurka, daga nan hanyar ta bazu cikin duniya a matsayin maganin ƙiba.

3. Abin da ke faruwa cikin jiki

Jiki yana da rumbunsa na sukari. Hanta takan ajiye kimanin giram 100, tsokoki kuma kimanin giram 400. Kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Idan mutum ya daina cin sitaci, jiki sai ya buɗe rumbun, cikin kwana ɗaya ko biyu ajiyar hanta ta yi ƙasa, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. Saboda haka ne mutum yakan ga ya rage kilo ɗaya ko biyu a makon farko, ya yi murna, alhali yawancinsa ruwa ne.

Har wa yau akwai sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa duk sa'ad da aka ci sitaci. In aka rage sitaci, shi ma sai ya ragu. Raguwarsa takan sa ƙoda ta saki gishiri fiye da yadda ta saba, gishiri kuwa ba ya fita sai da ruwa.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta fi jin wannan sauyi, gama takan ƙona sukari kimanin giram 120 kowace rana. Idan sukari ya yi ƙaranci, hanta takan shiga narka kitse tana yin wani makamashi da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa ta koma amfani da shi. Amma ba a dare ɗaya take sabawa ba. Cikin kwanakin da ake wannan canji mutum yakan ji kasala, ciwon kai, jiri, saurin fushi, warin baki da taurin ciki, sai ka ce mura za ta kama shi. Ga yawancin mutane abin yakan lafa cikin mako guda ko biyu.

4. Dalilan rashin barcin

Na farko, fitsarin dare. Ruwan nan da jiki ke zubarwa ba ya jiran gari ya waye. Mutum yakan tashi sau biyu ko uku, ga ƙishirwa, kowace tashi kuwa ta yanke barci.

Na biyu, ƙarancin gishiri da ruwa. Shi ke kawo ɗaurewar naman sharaɓa cikin dare, da bugun zuciya da sauri in an kwanta, da jiri in an miƙe. Abin ya fi tsanani a bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da gumi ma yake kwashe nasa rabon.

Na uku, yunwa. Da yawa sukan cire tuwo ba su sa kome a madadinsa ba, gama nama da ƙwai suna da tsada. Sai mutum ya sha miya da 'yar tsoka guda ya kwanta. Cikin da babu kome yakan sa jiki ya zauna a faɗake, barci ya yi sama-sama.

Na huɗu, akwai wani sinadari cikin abinci mai gina jiki, ana kiransa tiriftofan, wanda ƙwaƙwalwa take sarrafawa ta yi melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi. Cin sitaci yana sauƙaƙa wa tiriftofan shiga ƙwaƙwalwa. Masana da yawa suna ganin wannan yana daga cikin abin da ke sa mutum jin barci bayan ya ci tuwo ya ƙoshi, kuma yana daga cikin abin da mai barin tuwon dare ya rasa.

Na biyar, goro da shayi da gahawa. Mai jin kasala da rana yakan ƙara cin goro domin ya wartsake, ko ya danne yunwa da shayi. Dukansu suna ɗauke da kafeyin, shi kuwa yakan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Goron da aka ci bayan la'asar yana nan yana aiki har bayan isha'i. Ta haka mutum yake shiga zagaye: bai yi barci ba sai ya ci goro, ya ci goro sai ya kasa barci.

Na shida, ƙwannafi. Wanda ya cika cikinsa da soyayyen nama da mai, ya kwanta nan take, abincin yakan daɗe a tumbi, ruwan tsami ya taso masa har maƙogwaro.

5. Abin da bincike ya nuna

A Jami'ar Sydney ta ƙasar Ostareliya an yi gwaji biyu a kan wannan al'amari. A na farko, wanda aka buga a 2007, an ba samari 12 masu lafiya shinkafa awa 4 kafin su kwanta. Daren da suka ci irin shinkafar da ke saurin zama sukari a jini, barci ya ɗauke su cikin minti 9. Daren da suka ci irin mai jinkiri, sai da suka yi minti 17 da rabi. A na biyu, wanda aka buga a 2008, an ɗora maza 14 a kan abinci mai ƙarancin sitaci ƙwarai. Aka ga barcinsu mai nauyi ya ƙaru, amma barcin da ake mafarki a cikinsa ya ragu. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kwanakin ma kaɗan. Duk da haka an fahimci abu biyu: sitaci mai saurin zama sukari da aka ci da maraice ya fi mai jinkiri taimakon barci ya zo da wuri, kuma rage sitaci yana sāke fasalin barci, ba lalle ya lalata shi ba.

Akwai kuma wani gwaji da ya kamata mai neman rage ƙiba ya sani. A Jami'ar Chicago ta Amurka, a 2004, an hana samari 12 barci fiye da awa 4 har dare biyu. Sinadarin da ke tada yunwa ya ƙaru a jininsu da kashi 28 cikin 100, wanda ke sa a ji ƙoshi kuwa ya ragu da kashi 18. Abin da suka fi kwaɗayi shi ne kayan zaƙi da masu sitaci. Watau rashin barci da kansa yana rushe aikin da mutum ya sa gaba. Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare, wanda ya sayar da barcinsa domin ya rage tumbi bai ci riba ba.

6. Farkawar da ke da hatsari

Wannan sashe shi ne ya fi kowane muhimmanci. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, likita ya auna masa maganin ne daidai da abincin da ya saba ci. Idan ya bar tuwo, maganin kuwa yana nan yadda yake, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa da kima, sau da yawa tsakar dare.

Ga alamunsa: mutum ya farka jiƙe da gumi ko da ana sanyi, jiki yana rawa, zuciya tana dukan uku-uku, ga matsananciyar yunwa. Wani yakan yi mugun mafarki ko ya yi ta sambatu, ya tashi da ciwon kai. In abin ya yi nisa sai hankali ya gushe, mutum ya yi ta fisge-fisge, ko a tashe shi ya ƙi tashi. A ƙauyuka akan ɗauki wannan a kan aikin iska, a tsaya turare da tofi har lokaci ya ƙure. Wanda yake da na'urar awon sukari a gida, in ta nuna ƙasa da 70, to, sukari ya faɗi.

Abin yi shi ne, in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a dama masa sukari cokalin shayi 3 ko 4 cikin ruwa ya sha nan da nan, ko zuma babban cokali guda. A jira minti 15. In bai warware ba a sāke. Da ya dawo daidai a ba shi abinci mai riƙe ciki, da safe kuma a kai shi ga likita a gyara masa magani. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, gama zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti cikin daren, kada a jira safiya.

Akwai kuma wani sabon irin maganin sukari wanda ke fitar da sukari ta fitsari. Mai shansa in ya tsananta barin sitaci, kiton yana iya taruwa ya sa jini ya yi tsami, ko da awon sukarinsa bai hau ba. Alamunsa amai ne, da ciwon ciki, da numfashi sama-sama. Shi ma maganarsa ta asibiti ce, ba da jinkiri ba.

Masu shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa fitsari, su ma jininsu yana iya sauka ƙwarai, mutum ya tashi fitsarin dare jiri ya kayar da shi. Mata masu ciki, da masu shayarwa, da yara, da masu ciwon ƙoda ko hanta, bai kamata su shiga wannan hanya ba sai da iznin likita.

7. Abin da ya kamata a yi

Wanda ba ya cikin waɗanda aka ambata a sama, ga matakan da za su taimake shi:

(a) Ya rage da sannu. Ya fara da barin sukari a shayi da koko, da lemon kwalba. Bayan mako guda ya rage malmala, ya ƙara miya da ganye. Sannu ba ta hana zuwa, kuma jikin da aka bi a hankali ba ya tayar da ƙayar baya.

(b) Ɗan sitacin da ya rage masa na yini, ya ajiye shi ga abincin dare. Ƙaramar malmala guda, ko ludayin wake, ko ɗan dankali, awa 3 ko 4 kafin kwanciya. Wake yana da amfani biyu, gama yana gina jiki kuma yana daɗewa kafin ya zama sukari.

(c) Kada ya kwanta da yunwa. Ƙwai, kifi, gyaɗa, riɗi, agushi da nono marar sukari suna riƙe ciki, ba kuwa dukansu ke da tsada ba. Amma ya guji cika ciki da maiƙo dab da kwanciya.

(d) Ya sha ruwa sosai da rana, ya sassauta bayan magariba, domin fitsarin dare ya ragu.

(e) Kada ya bar gishiri tare da barin tuwo. Miyar da aka sa wa gishiri daidai, ko romo da maraice, ta isa a makonnin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau wajen cokalin shayi guda. Mai hawan jini kada ya ƙara gishiri da kansa.

(f) Ya yawaita zogale, alayyafo, kuka, rama da kuɓewa. Suna mayar wa jiki da waɗansu sinadaran da yake asara, suna kuma sassauta taurin ciki.

(g) Ya tsai da goro da shayi da gahawa daga azahar.

(h) Ya riƙe lokaci guda na kwanciya da na tashi. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. Ya ajiye wayar hannu in ya hau gado. Tafiya a ƙasa da safe ko da yamma tana ƙara nauyin barci.

(i) Kada ya sayi ƙwayar barci a kasuwa ko a kanti ba da takardar likita ba. Irin waɗannan ƙwayoyi suna kama jiki har a kasa rabuwa da su, ga mai ciwon sukari kuwa suna iya hana shi farkawa sa'ad da sukarinsa ya faɗi.

In an bi waɗannan har mako 3 ko 4 barci bai dawo ba, to, sai mutum ya ƙara sitaci kaɗan ya gani. Rage tuwo daidai gwargwado wanda za a iya riƙewa shekara da shekaru ya fi tsanantawar da za a yar bayan wata guda. In har yanzu da saura, a ga likita, gama mai yiwuwa ne dalilin ba abinci ba ne. Mai ƙiba da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, yana gyangyaɗi da rana, yana da wata cuta dabam wadda ake aunawa a asibiti, rage ƙiba kuwa yana sauƙaƙa ta. Yawan fitsarin dare ma yana iya zama alamar sukari ya hau, ko ciwon mafitsara ga dattawa. Damuwar zuciya ita ma tana hana barci.

Lokacin azumi yana bukatar ƙarin kula, domin ga ƙishirwar yini, ga barcin da ya rabu biyu. Bai dace a fara wannan hanya cikin watan Ramadan ba. Mai shan maganin sukari ya ga likitansa tun watan Sha'aban.

8. Aikin Hakimai da malamansu

Jama'a suna jin maganar shugabanninsu, suna kuma koyi da abin da suka ga ana yi a gidan Hakimi. Saboda haka ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani a taron dagatai da masu unguwanni, su kuma su kai shi ga talakawansu. Malamai su tabbata an fahimci abu uku. Rashin barcin makon farko ba abin tsoro ba ne, yana da dalili, yana kuma wucewa. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kada ya taɓa abincinsa sai ya shawarci likita ko malamin asibiti. Iyalin kowane mai ciwon sukari su san alamun faɗuwar sukari, su ajiye sukari ko zuma kusa da shimfiɗarsa, su san kuma wanda za a tasa da abin hawa in bukata ta taso cikin dare.

Haka kuma ya kamata a ja kunnen jama'a game da masu tallan garin magani da shayin rage tumbi, waɗanda ke alkawarin warkar da ciwon sukari gaba ɗaya, har su sa mutum ya bar maganin asibiti. Duk wanda yake da tambaya a kan abin da ke cikin wannan takarda, sai ya nufi asibitin da ya fi kusa da shi, ya tafi da dukan magungunan da yake sha domin a duba su.